Rigar Maharbi da Sanyin Hunturu: Daga Saƙi Zuwa Gwanjo



Kowace shekara, da zarar Disamba ta kama, hazo ya sauko kan Mokola, leɓe ya fara tsagewa, mu da ke zaune bakin shagunan yadi da tufafi mun san baƙin da za mu yi. Samari ne 'yan farauta, wasu 'ya'yan unguwar nan, wasu kuma sun gangaro daga Arewa da karnukansu. Magana ɗaya ce a bakinsu: "Baba, a ba mu mai ɗumi." In ka bar yaro ya zaɓa da kansa, hannunsa ba ya wuce rigar sanyin nan mai santsi, mai sheƙi kamar leda, wadda in ya motsa kafaɗa sai ka ji ta daga tsallaken titi. Bara waccan aka dawo mana da wani yaro daga daji, irin wannan rigar ce a jikinsa, ya kwanta kusa da wuta barci ya ɗauke shi. Tartsatsi ɗaya ya faɗa mata, ta narke ta manne masa a dantse. Ya warke, alhamdu lillahi, amma tabon na nan. Tun ranar muke ta tambayar dattawa, muna kuma duba abin da aka rubuta: wai shin mutanen da, waɗanda suka fi mu sanin daji nesa ba kusa ba, me suke sawa in sanyi ya yi?

Farauta dai ba baƙuwar sana'a ba ce a wurin Bahaushe. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara ne da labarin Barbushe na Dutsen Dala, ya ce maharbi ne ƙaƙƙarfa wanda kan kashe giwa da sandarsa. Mutanen Bauchi kuma suna cewa sunan garinsu daga wani maharbi ne mai suna Baushe. Garuruwa nawa ne in ka bi asalinsu za a ce maka maharbi ne ya fara sare wurin? Ba su ƙirguwa. Kuma lokacin farauta sananne ne. Sai an gama kaka, an kai hatsi rumbu, ciyawa ta bushe an sa mata wuta, namun daji sun taru inda sauran ruwa yake. Wato daidai tsakiyar hunturu kenan. A ƙasar Kano, cikin Janairu, sanyin dare kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 a ma'aunin zafi, wani daren ma ƙasa da haka, ga iska mai busar da fata. Da rana kuwa rana ta buɗe ta yi zafi. Mutumin da zai yi gudu bayan kare da azahar, ya jiƙe da gumi, sannan ya kwana a fili ba ɗaki ba zana, dole ya san abin da zai ɗora wa jikinsa.

Abu na farko da ya fara sawa ba yadi ba ne, fata ce. Warki, ko walki kamar yadda wasu ke faɗi: fatar akuya ko ta tunkiya da majema suka jeme da bagaruwa, a ɗaura a ƙugu ta rufe cinya da mazaunai. Yaran yanzu sai dai su gan shi jikin 'yan dambe ko 'yan tauri ranar wasa, su ɗauka ado ne. Ai kayan aiki ne. Fata ba ta barin iska ta ratsa, ƙaya ba ta huda ta da sauƙi, ƙarangiya ba ta kama ta, kuma in mutum zai yi kwanton ɓauna tun asuba a kan ƙasa mai sanyi, ita ce shimfiɗarsa. Aibinta guda ne babba: ba ta shan gumi, kuma in ta jiƙe ta bushe sai ta ƙandare. Shi ya sa ta tsaya a ƙugu, ba ta zama rigar jiki ba.

Jiki kuwa na auduga ne, kuma nan ne maganar take da daɗi. Audugar gida, wadda mata ke gurzawa su fid da gurya, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari. Zare iri biyu ne ke fita daga hannunsu. Akwai siriri mai ƙarfi wanda aka murɗa sosai, akwai kuma abawa, mai kauri, mai laushi, wanda ba a matsa murɗinsa ba. Masaƙi ya ja siririn a tsaye, ya ɗaure shi jikin kunkuru can nesa, ya riƙa jefa ƙoshiya da abawa a kwance. Abin da ke fitowa ƙyalle ne mai faɗin 'yan yatsu, sai a jera a ɗinke ya zama taguwa ko 'yar shara. To, me ya sa wannan ya fi yadin kanti ɗumi? Su mutanen da ba su yi bayaninsa da baki ba, hannunsu ne ya sani. Tufa ba ta da zafin kanta. Zafin na jikinka ne, ita aikinta ta tsare iskar da ke kusa da fata kada ta gudu. Abawa cike take da 'yan ƙananan gurabe da iska ke maƙalewa, shi ya sa rigar saƙi take da ɗumi ba tare da ta shaƙe mutum ba. Yadin inji an murɗe zarensa an danne shi, ya yi sumul, ba inda iska za ta zauna.

Kuma ba sa dogara da riga ɗaya mai kauri. 'Yar shara a ciki, taguwa a kai, in dare ya yi a yafa gwado ko luru. Rana ta ɗaga, a tuɓe ɗaya a ɗaure a ƙugu. Tsakanin riga da riga ma akwai iskar da ke tsare zafi, don haka sirara biyu sun fi mai kauri guda. Abin da Turawa masu hawan duwatsun ƙanƙara ke koyarwa yau kenan a kan sa tufafi hawa-hawa, kakanninmu sun yi shi da gwado. Dabarar cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu a dunƙule ma ba sabuwa ba ce gare mu, don littafin tarihin Kano ɗin nan ya ce a zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da lifidi, shekaru sama da 600 kenan. Sai dai lifidi na yaƙi ne da doki, ya yi wa mai tafiya a ƙasa nauyi.

Kai kuma fa? Hular haɓar-kada, mai kunnuwa biyu. Da rana a naɗe su sama, da dare a sauke su rufe kunne da kumatu. Mu da ke zaune ƙasar Yarbawa mun san 'yar'uwarta, abeti-aja, wato kunnen kare, wadda dattawansu ke sawa. Kowa da abin da ya kwatanta ta da shi, mu kada, su kare, hular dai kusan ɗaya ce. Kuma maharbansu suna da tasu taguwar, gberi, gajera ce mai faɗi marar dogon hannu. Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Oje ya ga saƙar Iseyin zai gane cewa masaƙar tasu da tamu 'yan gida ɗaya ne.

Sai launi. Kano a wancan zamani ita ce uwar rini. Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa arzikin birnin a kan saƙa da rini yake, har ya ƙiyasta cewa kayan raƙumi 300 na tufafin Kano ke tafiya Timbuktu kowace shekara. Amma abin da ya ja hankalin fatake, wato baƙin yadi da aka tsoma a karofi sau da yawa, aka kai wa mabuga suka buge shi da shuni har ya riƙa walƙiya, irin turkuɗin Kura da Buzaye ke so, shi ne abin da maharbi ba ya so ko kyauta. Sheƙi tonon asiri ne a daji. Fari ma haka, barewa na hango shi daga nesa. Maharbi so yake a rina masa ya yi duhu, a bar shi haka ba bugu, ko kuma a dafa rigar da ɓawon itace da 'ya'yan bagaruwa ta koma launin ƙasa, kalar busasshiyar ciyawa da kututture. Ba mu kaɗai ba ne a wannan. Maharban ƙasar Mali an san su da rigar da ake rinawa da ganyen marke da taɓo, ta fito ruwan ƙasa da baƙi.

Waɗanda suka fi kowa sanin muhimmancin baƙar tufa su ne masu farauta da burtu. Kun san tsuntsun, baƙi ne babba mai yawo a ƙasa, namun daji sun saba da shi ba sa gudunsa. Sai maharbi ya sassaƙa itace kamar wuyansa, ya sa masa bakin burtu, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe jikinsa da baƙin ƙyalle, ya durƙusa yana tafiya yana ɗaga kai yana saukewa kamar mai kiwo, har ya kai inda kibiya za ta isa. Ku auna da hankalinku. Mutum na rarrafe cikin ciyawa, tsakaninsa da gada taku ashirin. In tufar jikinsa ta yi ƙara sau ɗaya, aikin wuni ya tashi a banza. Saƙin da ya tsufa ya sha jiki ba ya magana ko kaɗan. Shi ya sa maharbi bai damu da sabuwar riga ba, tsohuwarsa ta fi masa. Ba ya kuma yawan wanke ta, balle da sabulu mai ƙamshi, don hancin naman daji ya fi idonsa. Warin hayaƙi da na ƙasa su ne turarensa. Uwargida ta yi ta mita, shi ko a jikinsa.

Batun layu da guraye da madubai da ake jerawa jikin rigar, wannan mun sha tattauna shi a masallaci, ba nan ne wurinsa ba. Abin da za mu ce kawai, a matsayinmu na masu taɓa yadi: ba kowane ƙyalle ke iya ɗaukar wannan nauyin ba. Ka ɗinka layu talatin na fata jikin yadin kanti, kafin wata guda ya yage. Saƙi ne ke riƙewa.

Ulu fa, wato gashin tumaki? Gaskiya ba kayan talaka ba ne a ƙasar Hausa. Tumakinmu masu gashi ne kwance, ba a sausayarsu a saƙa. Abin ulu daga nesa yake zuwa: alkyabba da mulufi ta hanyar Sahara, barguna daga wajen Fulanin Masina a bakin Kwara ta sama. Na sarakuna ne da attajirai. Maharbi bai samu ulu a hannunsa ba sai can baya. Dattawanmu kan ce sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 su ne suka fara watsa bargon soja da kaki da suwaita a ƙauyuka, kuma wanda ya samu ɗaya har ɗansa sai ya gada.

Yadda saƙi ya ja baya kuwa labari ne da muka sani, ba sai mun tsawaita ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Turawa sun so auduga don masaƙun Ingila, manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi suka koma mata. Jirgin da ke sauka da gyaɗa shi ke hawa da akoko da alawayyo masu araha. Wannan jirgin dai shi ya ƙara cika Ibadan da fataken goro da shanu, har aka yanka mana Sabo a 1916. Daga baya masaƙun zamani suka tashi a gida, ta farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo a Kaduna da Kano da Funtuwa. Mata suka ajiye mazari. Su ma masaƙun zamanin yawancinsu sun rufe cikin shekarun 2000, kasuwa ta koma hannun yadin Sin da gwanjo. Yau in kana son gwado na ainihi sai ka yi cigiya, in ka samu kuma kuɗinsa ya sayi rigunan gwanjo da yawa. Ba ma zargin yaron da ya zaɓi gwanjo. Aljihunsa ya duba.

Sai dai kada a ce mun zo yabon da ne kawai. Auduga tana da nata laifin, kuma a nan Kudu ne ya fi fitowa. A Arewa iskar hunturu busasshiya ce, rigar da ta jiƙe da gumi kafin la'asar ta bushe a jikinka. Nan kuwa sanyin bai kai na gida ba, dare yawanci yana kewayen digiri 20, amma dajin na da laima, ga raɓa da asuba kamar an yi yayyafi. Auduga in ta sha ruwa riƙe shi take yi. Ruwan ya kori iskar nan da ke cikin zare, rigar ta manne a jiki ta riƙa zuƙe zafinka. Shi ya sa za ka ga yaron da ya saba kwana a dajin Arewa cikin sanyi mai tsanani lafiya lau, ya zo nan inda sanyin bai kai rabin wancan ba, ya tashi yana rawar ɗari da mura. Ulu ya bambanta. Ko ya yi danshi yana riƙe ɗumi, ba ya ƙara, kuma in tartsatsi ya faɗa masa ƙonewa yake ɗan yi ya mutu, ba ya narkewa. Tsohuwar suwaitar ulu ta gwanjo, mai duhun launi, ta fi sabuwar rigar leda amfani sau goma a dajin nan, ga ta da araha don samari ba sa sonta. In kana shakka ko ulu ne, zare ɗan zare guda ka kusantar da ashana. Ulu warin ƙonannen gashi yake, ya bar toka mai murmushewa. Na roba narkewa yake ya dunƙule kamar ƙwallo mai tauri.

Kayan robar nan ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Nailan a Amurka aka ƙirƙiro shi cikin shekarun 1930, foliyesta kuma a Ingila a 1941, kuma ba don wauta aka yi su ba. Ba sa riƙe ruwa, suna bushewa da wuri. 'Yar singileti irin ta 'yan ƙwallo a can ciki tana fitar da gumi fiye da ta auduga, wannan mun yarda. Akwai kuma rigar sanyin nan mai laushi mai gashi-gashi kamar jikin ɗan rago, tana da ɗumi, ba nauyi, ba ta ƙara. Amma a shiga da ita ciyawa a gani. A Arewa ƙarangiya, a nan kuma karara, wadda Yarbawa ke kira werepe, da hunturu ne 'ya'yanta ke nuna, in ƙaiƙayinta ya shiga cikin gashin rigar sai dai a jefar. Saboda haka in za a sa ta, a ɗora mata taguwar kaki mai kauri ko saƙi a sama, wanda zai tare ƙaya da tartsatsi. Kuma duk abin da yake na roba a tuɓe shi kafin a matsa kusa da wuta. Wando ma kaki mai kauri ya fi, jins in ya sha raɓa sai ya wuni bai bushe ba.

Akwai wani yadin kuma da muke roƙon 'yan'uwanmu masu gwanjo su daina miƙa wa yaran nan, ko nawa za su biya: mai zanen kakin soja. Cikin dilar gwanjo yana fitowa, samari na rububinsa, wai ya fi ɓoye mutum a daji. Na farko dai, dokar ƙasa ta hana farar hula sa kayan soja, kuma a shingen hanya ba wanda zai tsaya jin cewa a kasuwa ka saya. Na biyu, zamani ya canza. A da in mutanen ƙauye suka ga baƙo da taguwar maharba da kare, sun san ko wane ne, har su nuna masa inda gafiya da gada ke yi musu ɓarna. Yau mutane a tsorace suke saboda masu garkuwa. Ba mu manta da Uromi ba, a jihar Edo, ƙarshen Maris na 2025, cikin azumi: mafarauta 16 'yan Kano da ke komawa gida Sallah daga jihar Ribas, aka tare motar da suke ciki, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su. Allah Ya ji ƙansu. Ba riga ce ta jawo musu ba, kuma babu rigar da za ta zama hujjar abin da aka yi. Amma wanda ya san haka ƙasar take, bai kamata ya fito daga daji da asuba, fuska naɗe da ƙyalle, da kakin soja a jiki, da bindiga a kafaɗa, a garin da ba a jin harshensa ba. Kafin a shiga dajin mutane a je a gaida mai garin da shugaban maharbansu, su ga fuska, su ga irin shigar, a riƙe katin ƙungiya a aljihu. A hanya kuma kayan daji su zauna cikin buhu, a sa kaftani kamar kowa.

Akwai wani dattijo a layin masu goro, ya haura tamanin, ya bar farauta tun gwiwa ta ƙi. Da muke haɗa wannan rubutu muka je muka gaishe shi, muka ce, "Baba, ko rigar tana nan?" Ya sa jikansa ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Taguwa ce ta saƙi, ta yi baƙi-baƙi ja-ja, ba ka iya cewa ga launinta na asali. Ƙyalle-ƙyallen da aka jera, kowanne bai fi yatsu huɗu ba. Ya ce ta mahaifinsa ce, kakarsa ta kaɗa zaren. Mun ƙirga faci goma sha ɗaya, ga wasu 'yan ramuka baƙaƙe a kafaɗa inda tartsatsi ya faɗa ya mutu. Muka murza ta kusa da kunne, shiru. Ɗaya daga cikin telolin unguwa ya auna ta ya zana yankanta a takarda, ya ce in an samo masa kaki mai kauri ko saƙar Iseyin marar ado zai iya fitar da irinta. Mun ce ya fara da guda biyar kafin Disamba, mu ga ko yaran za su saya.